Ƙuda ɗan aike ne

Jama'ar Tagris, akwai wani irin naman kaza da ke tsirowa inda ganye da itace suke ruɓewa cikin laima. Yakan faso daga wani ƙunshi mai kama da ƙwai, ya miƙe cikin ƴan awoyi, kansa lulluɓe da yauƙi mai warin mushe. Warin nan kira ne. Ƙudaje sukan sauka su lasa, su tashi da irinsa a ƙafa da ciki, su shuka shi can nesa.

To, haka nan ƙuda yake ɗauko ƙwayoyin zawo daga kashi ya sauke a ƙwaryar fura. Wani irinsa ma cikin kashin da aka bari a fili yake hayayyafa, ya bi idanun yara yana raba amosanin ido, ciwon da ya makantar da mutane da yawa a jihar Maraɗi. Tun 1998 ƙasashen duniya suka ƙudurta kawar da shi, amma daga gida aikin yake farawa.

A ganina, salga ba alatu ba ce. Kowane maigida ya gina tasa, ya yi mata murfi. A rufe abinci da faifai, a wanke fuskar yara kullum. Rigakafi ya fi magani.