Ɗan Kallo Ya San Abin Da Yake Tsoro

A garuruwan da ke bisa hanyar Agadez zuwa Damagaram, irin su Aderbissinat inda manyan motoci ke yada zango, fim bai taɓa jiran a gina masa gidan sinima ba. A da kaset ne da injin wuta a rumfa. Yau wayar salula ce, samari biyar ko shida sun haɗa kawuna a kan allon da bai kai tafin hannu ba. Idan fim ɗin na ban tsoro ne, sai a ji wani ya yi a'uziyya, wani ya fashe da dariya, wani kuma ya tashi ya ce zai je ya dawo, ba a sake ganinsa sai da safe. Wasu malaman lakwal da shugabannin ƙungiyoyin al'adu sun daɗe da yanke hukunci a kan wannan zama: fim ɗin na banza ne saboda ba a kashe masa kuɗi ba, masu kallonsa kuwa jahilci ne ke firgita su. Hukuncin nan biyu duk ba su da tushe.

Zancen kuɗi ba ya buƙatar dogon musu. Oren Peli ya ɗauki Paranormal Activity a cikin gidansa da dala 15,000, aka fara nuna shi a 2007, ya tara fiye da dala miliyan 190 a duniya. Ƙofa ce ke motsi da dare, saurayi da budurwarsa suna barci, shi ke nan. Turawan da suka yi kururuwa a gidajen sinima na Amurka ba wanda ya kira su jahilai.

Misalin da ya fi kusa shi ne Living in Bondage, wanda Kenneth Nnebue, ɗan kasuwa a Legas, ya fitar a kaset a 1992 cikin harshen Ibo. Hoton ba shi da kyau, sautin yana rawa, fatalwar kuwa mace ce sanye da farin tufa. Andy Okeke ya gaji da talauci, ya shiga ƙungiyar asiri, ya ba da matarsa Merit domin ya yi arziki. Ya sami dukiyar. Daga nan duk inda ya juya sai ya gan ta, a wurin biki, a wurin ciniki, har hankalinsa ya gushe ya koma cin abinci a juji. Wanda ya ce farin tufan ne ke tsorata mutane bai zauna ya saurare su ba. Gardamar da kan biyo bayan irin wannan fim ba a kan fatalwa take ba: shin Andy mugu ne tun asali, ko abokai ne suka ja shi? Shin Merit ce ta dawo, ko zuciyarsa ce ta ƙi yafe masa? Wannan ita ce tambayar da malamin adabi ke shan wahala kafin ya sa ɗalibai su yi ta a aji, ga shi ana yin ta kyauta a gindin shago.

Kuma a wannan yanki tambayar tana da nauyi. Tun da aka gano zinariya a Djado a 2014, samari da yawa sun bi hanyar arewa, wasu sun dawo da mota, wasu sun dawo hannu rabbana, wasu har yau iyayensu na jiran labari. Saurayin da ya san irin wannan tafiya, in ya ga mutum ya sayar da mafi kusa da shi don kuɗi, ya san abin da yake kallo. Fim ɗin Zerzura da Christopher Kirkley ya ɗauka a Agadez, ya fito a 2017, da mawaƙi Ahmoudou Madassane yana neman ɗan'uwansa a sahara tsakanin aljanu da masu neman zinariya, daga wannan rijiya ya sha. Abzinawa suna da kalmar essuf, wadda ta haɗa daji da kaɗaici da kewa, kuma ga su Kel Essuf masu kama wanda ya kaɗaita. Hausawa suna da iskoki. Mutanen da harshensu ya riga ya ɗaure tsoro da halin zuciya ba sa buƙatar a zo daga birni a koya musu cewa dodo na iya zama a cikin kai.

Masu ilimi ma sun taɓa firgita, ba su kuma yi kyan gani ba. A tsakiyar shekarun 1950, da Jean Rouch ya nuna Les Maîtres fous a Musée de l'Homme na Paris, fim a kan ƴan Hauka, ƴan ci-ranin Nijar a Ankara, malaminsa Marcel Griaule ya nemi a lalata shi, ɗaliban Afirka da ke zauren suka fusata, Ingilishi suka hana nuna shi a Gwalkwas. Fushin ɗaliban yana da hujja, domin sun san yadda Turai ke kallon baƙar fata. Amma da an bi shawarar Griaule, da an rasa fim ɗin da ya ci kyauta a Venise a 1957, wanda har yau ake karantarwa da shi.

Gaskiya ne akwai tarkace da yawa, fina-finan da ba su da komai sai jini da ihu, kuma yaro ɗan shekara bakwai ba shi da abin yi a wurin. Wannan aikin iyaye ne da masu rumfa. Hani kuwa an gwada shi: Kano ta dakatar da harkar fim a Disamba 2000, ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001, kaset bai fasa tsallaka iyaka zuwa Maradi da Damagaram ba. Ƙungiyar al'adu da ke da majigi da tabarma tana iya zaɓar fim guda, ta raba manya da yara, ta nuna shi, sa'an nan malami ya ajiye alli ya tambayi wanda ya yi dariya ɗazu dalilin dariyarsa.