Kafin kuɗin rake ya shiga manhajar kirifto

A Makarfi, Ikara ko Kudan, matashin da ya sayar da rake ko tumatir ya ce zai juya ribar a kirifto, sau da yawa manhajar da aka turo masa ta WhatsApp yake saukewa. Bai san wanda ya haɗa ta ba, alhali ita ke riƙe da mabuɗin dukiyarsa.

Haɗarin ba zato ba ne. A Disambar 2018, ɓarayi sun tura wa masu amfani da lalitar Electrum saƙon ƙarya cewa su sabunta ta. Waɗanda suka sauke jabun, an kwashe musu Bitcoin.

Akwai wata hanya. Manhaja irin Bitcoin Core a buɗe take, asalin rubutunta na GitHub. Mai kwamfuta na iya ɗauko shi, ya tantance sa hannun masu kula da shi, sannan ya harhaɗa manhajar da kansa. Su kansu masu aikin, mutane daban-daban ke harhaɗa kowace sabuwar fitowa, a gwada ko sakamakon ya zo ɗaya.

Aikin ba na kowa ba ne: ga ɗaukewar wuta, ga tsadar data. Kuma ba zai hana asara irin ta CBEX a Afrilun 2025 ba, domin can da alƙawarin riba aka ɗana tarko. Amma ya kamata 'yan yankin da ke karatun kwamfuta a ABU ko Nuhu Bamalli a Zariya su koyi aikin, ko da mutum biyu ne a gari, waɗanda za a nuna wa manhaja kafin a zuba mata kuɗin kaka.