Kafin Ka Ƙera Abu, Tambayi Mai Amfani Da Shi



Mu da muke haɗa makarantar Islamiyya da sakandare, a darasin fasaha ana koya mana zane, awo da lissafi. Wannan da kyau. Amma a ganina akwai darasin da ya kamata ya riga su: a koya mana zama da mutumin da za mu yi wa aiki, mu tambaye shi, mu ga wahalarsa da idonmu, kafin mu ɗauki fensir.

Ni na koyi wannan ne da kunya. Bara na ƙera wa kakana kujerar alwala, na goge ta, na shafa mata fenti. Da ya zauna sai ya kasa tashi. Ya ce, "Jikana, Allah ya yi maka albarka, amma ai ba ka tambayi gwiwata ba." Na auna katako daidai, ban auna tsoho ba.

Ku dubi Malam Muhammad Bah Abba, wani malami a Jigawa ta Najeriya. Ya lura cewa kayan lambu na ruɓewa da sauri a ƙauyukan da ba lantarki, shi ya sa kullum ake tura 'yan mata talla maimakon makaranta. Sai ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan yana bushewa yana tafiya da zafi, abin da ke ciki ya yi sanyi. Tumatir da kan lalace cikin 'yan kwanaki sai ya kai makonni. A shekarar 2000 ya samu lambar yabo ta Rolex. Da matsalar mutane ya fara, ba da na'ura ba.

Akwai kuma PlayPump, famfon da aka haɗa da lilo mai juyawa, wai yara na wasa ruwa na hawa tanki. An kafa shi a Afirka ta Kudu da Mozambik, an kashe kuɗi masu yawa. To, yaro ai ba ya wasa da asuba lokacin da ake neman ruwa. A wurare da dama mata ne suka koma tura lilon da hannu.

Har tukunyar Malam Bah Abba ma, a nan Kumasi ba za ta yi sanyi kamar a Jigawa ba, don iskarmu cike take da laima. Ka ga ke nan kwaikwayo kaɗai bai isa ba, sai ka san wurinka.

Wani zai ce ina lokaci, ga jarrabawar WASSCE a gaba? Gaskiya ne. Amma aiki ɗaya tak nake roƙo a shekara. Mu fita cikin zango, mu tambayi mai koko, mai ɗaukar kaya a kasuwa, ko makaho me ke ba shi wahala. Mu yi samfuri da kwali, mu kai masa ya gwada, ya kushe, mu gyara. Ba ya cin kuɗi, sai haƙuri da sauraro.

Kujerar kakana kuwa, na ƙara mata tsawo da abin dafawa. Da ita yake alwala yanzu.