Gudun Mota da Damina: Har da Laifinmu

Ga damina ta kankama, ga hutu ya matso, kwana kaɗan kowannenmu zai ɗauki akwatinsa ya nufi tasha. Don haka muka ga ya kamata mu tono wani hali namu wanda ba mu so a faɗa.

In mota ta faɗi da damina, kowa sai ya ce laifin direba ne. To, mu da ke zaune a baya fa? Ai mu ne in ya sassauta don ruwa muke gunaguni, muna cewa, "Malam direba, yau a hanya za mu kwana?" Shi kuwa ɗan Adam ne, ba ya so a kira shi matsoraci, sai ya taka.

Ga abin da ke faruwa ƙarƙashinmu sa'ad da ya taka ɗin. Zanen nan da ke jikin taya ba ado ba ne, magudana ce, ita ke korar ruwa gefe don roba ta kama kwalta. In gudu ya yi yawa, ko kuwa zanen ya cinye, ruwa ba ya samun mafita, sai taya ta hau bisansa kamar kwalekwale. Daga nan birki da sitiyari duk sun zama banza. Ko ba a kai ga haka ba, filin da mota ke bukata kafin ta tsaya a jiƙaƙƙiyar hanya yakan ninka na busasshiya. Mafi sharri kuwa shi ne yayyafi bayan an daɗe ba a yi ruwa ba, gama ƙura da baƙin mai da suka taru a kwalta sukan kwaɓu, su yi santsi kamar miyar karkashi.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta yanke wa motar haya kilomita 90 a awa bisa tagwayen hanya irin ta Kano zuwa Zariya. Wannan iyaka ce, ba a ce lalle sai an kai ta ba, balle ran da gilashi ya yi hazo, ba a ganin motar gaba.

Sai kuma watan Agusta, lokacin da rafi kan shafe kwalbati. Ruwa mai gudu, ko bai kai gwiwa ba, yana iya ɗaga ƙaramar mota, kuma ba wanda ya san ko ƙasar da ke ƙarƙashi ta zaizaye. A nan ma bakinmu ne kan ce, "Ai ta gaba ta wuce."

'Yan'uwa, mu da ake koya wa tsawata wa aji guda, bai kamata mu kasa ce wa mutum ɗaya, cikin ladabi, ya rage gudu, ya kunna fitila, ya ba ta gaba fili ba. In kuwa ya ce zai tsaya sai ruwa ya ɗauke, mu ne ya kamata mu fara goyon bayansa, kafin masu gaggawa su buɗe baki.