Ƙaramar Tasha Ita Ce Ta Talaka

Jama'a, duk lokacin da aka yi zancen jirgin ƙasa, manyan tashoshi ake ambata, irin su Kano da Kaduna da Legas. Ni kuwa a ganina, ƙaramar tashar ƙauye ta fi amfani ga talaka, domin jirgin da ba ya tsayawa kusa da garinku, ƙararsa kawai za ku samu.

Ni ɗan Gafasa ne, a ƙasar Ajingi. Kakana yakan ba mu labarin yadda suke ɗora buhunan gyaɗa a kan jakuna, su ƙetare kogi, su kai Ringim, inda akwai tasha a kan layin dogon da ya tashi daga Kano ya isa Nguru a 1930. Tashar ba wani babban gini ba ce, amma albarkacinta manomi ya sami mai sayen gyaɗarsa, ɗan dako ya sami na cefane, mai tuwo-tuwo ta sami ciniki. Garin Malam Madori ma jirgin nan ne ya raya shi. Da cinikin gyaɗa ya ja baya, manyan motoci suka ƙwace dakon kaya, sai tashoshin suka yi tsit.

Yanzu ga wata dama ta sake zuwa. A 2021 aka ƙaddamar da aikin sabon layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, tare da reshe zuwa Dutse. Kowa ya san ƙasar Gaya tana tsakanin Kano da Dutse. Roƙona ga hukuma shi ne, kada a mai da mu 'yan kallo. A tabbata jirgi yana tsayawa a ƙasarmu kullum, a kan lokaci, da kuɗin tikitin da manomi zai iya biya. Ranar komawa makaranta, mu ɗalibai mukan yini a bakin titi da akwatunanmu muna jiran mota, in ta zo kuma a cusa mu kamar buhuna. Mai kai mara lafiya asibiti a Kano ya fi mu shan wuya.

Wani zai ce tsayawa a kowane ƙauye ɓata lokaci ne, kuma ƙaramar tasha ba ta mai da kuɗin da aka kashe mata. Maganarsa da ƙamshin gaskiya, amma maganin abin yana hannun mutanen gari. Bari in kawo misali daga ƙasar Japan, inda kamfanoni masu zaman kansu suke gudanar da layukan jirgi da yawa. A lardin Wakayama akwai wata 'yar tasha mai suna Kishi. Fasinjoji sun ragu har kamfanin da yake da layin ya yi niyyar rufe shi. Mutanen yankin suka tashi tsaye, suka yi ta kira a bar musu jirginsu, har wani sabon kamfani ya karɓi layin a 2006. Da yake an janye ma'aikata daga tashar, sai a 2007 kamfanin ya naɗa wata kyanwa mai suna Tama shugabar tasha, har da hularta! Baƙi suka riƙa zuwa kallonta, fasinjoji suka ƙaru, a 2010 aka sake gina tashar da siffar fuskar kyanwa.

Ba cewa nake yi mu naɗa kyanwa ba, kada abokaina su yi mini dariya a ɗakin kwana. Darasin shi ne, mutanen can sun ɗauki tashar tasu ce. Mu ma in Allah ya kawo tamu, sai mu hau jirgin, mu sayi tikiti, mu hana masu kwance ƙarafa, mu hana yara jifan tarago, mu kiyaye dabbobinmu daga kan dogo. Hausawa sun ce kowa ya gyara ya sani, kowa ya ɓata ya sani.

Saboda haka ina kira ga iyayenmu da dagatai da wakilanmu su yi magana tun yanzu, tun zane bai bushe ba. Allah ya nuna mana ranar da za mu dawo hutu a jirgin ƙasa, amin.