Walda da Wutar Nukiliya: Abin da Ya Sami Faransa da Rabon 'Yan Suame Magazin

Tun daga watan Agustan 2024, lokacin da kamfanin Nuclear Power Ghana ya sa hannu a birnin Nairobi kan yarjejeniya da kamfanin Regnum na Amurka domin kafa ƙananan tukwanen nukiliya ƙirar NuScale, muhawarar da ake tafkawa a gidajen rediyo da majalisun hira ba ta wuce abu biyu ba, wato nawa za a kashe, kuma wa zai fi samun aikin tsakanin Amurka da ƙasar Sin. Har wuri an zaɓa: Nsuban a Jihar Yamma, sai Obotan a Jihar Tsakiya a matsayin ko-ta-kwana. To amma akwai batun da ba a cika taɓo shi ba, alhali shi ne ya durƙusar da ƙasar da ta fi kowace dogaro da wutar nukiliya a duniya. Batun kuwa shi ne walda, sana'ar da dubban 'yan'uwanmu ke ci da ita a nan Suame Magazin.

A ƙarshen 2021 ne injiniyoyin kamfanin lantarki na Faransa, EDF, suna cikin babban binciken da ake yi wa kowace tukunya duk shekara goma, suka gano tsaga a gefen walda a jikin wasu bututai na tukunya ta ɗaya a tashar Civaux. Ba ƙananan bututai ba ne. Su ne ke tura ruwan gaggawa cikin tukunyar idan ruwan da ke sanyaya ta ya zube. Kafin shekarar ta ƙare an kashe tukwane huɗu mafi girma a ƙasar, biyu a Civaux, biyu a Chooz, daga nan bincike ya bi sauran. A watan Agustan 2022 sai da ta kai fiye da rabin tukwane 56 na ƙasar suna tsaye, wasu saboda wannan matsala, wasu saboda gyare-gyaren da aka saba. A shekarar, wutar nukiliyar Faransa ta faɗi ƙasa fiye da yadda aka gani cikin shekara talatin, ƙasar da ta saba sayar wa maƙwabta wuta ta koma saye, EDF kuma ya tafka asarar Yuro biliyan 17.9.

Mai karatu zai ce, ƙarfen da ba ya tsatsa, me ya tsaga shi? Duk mai walda ya san cewa idan wurin da aka narka ya huce yakan ja jiki, ya bar ƙarfen gefensa a ɗaure kamar tsirkiyar baka. A jikin ƙofar gida ko salansar mota wannan ba komai ba ne. Amma a nan ruwa ne mai zafin kusan digiri 300, da matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa sau 155, yake dafa wurin dare da rana shekara da shekaru. Ga shi kuma yadda aka shimfiɗa bututan ya sa ruwan zafi da mai ɗan sanyi suna kwanciya hawa-hawa a ciki, abin da ke ƙara wa ƙarfen wahala. Sai tsaga siririya ta soma daga ciki, inda ido ba ya kai wa, tana cin hanya a hankali.

Wadda ta fi tayar da hankali ita ce wadda aka bayyana a watan Maris na 2023 a tukunya ta ɗaya ta tashar Penly: tsawonta milimita 155, zurfinta milimita 23, a bututun da kaurinsa milimita 27 ne kacal. Wato abin da ya rage bai kai kaurin fensir ba. Hukumar sa ido ta ƙasar ta bayyana cewa wannan walda sau biyu aka yi mata gyara tun lokacin ginin tashar. Ma'ana, faci a kan faci da aka yi shekaru fiye da talatin baya shi ne ya dawo yana neman biyan bashi. Mastocinmu na Magazin da suka saba cewa "bari in ɗan ƙara maka wuta a kai" sai su ji wannan da kyau.

Gyaran kuwa ba kamar na gareji ba ne. Na'urar da aka saba leƙa cikin ƙarfe da ita, mai aiki da sauti kamar hoton da ake yi wa masu juna biyu a asibiti, ba don irin wannan tsaga aka tsara ta ba, don haka da farko sai an yanke bututun an kai ɗakin gwaji kafin a tabbatar. Wasu an yanke su aka tarar lafiyarsu lau, amma dole a sa sabo. Sannan wurin aikin cike yake da tiririn nukiliya, kowane ma'aikaci kuma akwai iyakar abin da doka ta yarda jikinsa ya sha a shekara, saboda haka ana karɓa-karɓa, aikin mutum ɗaya ya koma na mutane da yawa. Kowane layin walda sai an rubuta wanda ya yi shi, da irin wayar da ya narka, a gwada, a ɗauki hotonsa, a ajiye takarda. Masu wannan ƙwarewa suka yi wa Faransa kaɗan, har sai da ta ɗauko kusan mutum ɗari daga Amurka da Kanada. Tukunyar Civaux ta farko ba ta dawo aiki ba sai a Janairun 2023.

Haka nan sabuwar tukunyar Flamanville, wadda aka soma ginawa a 2007 da niyyar gamawa a 2012, ba ta ba da wuta ba sai Disambar 2024. Daga cikin dalilan akwai walda takwas kacal a wani lungu tsakanin bango biyu, waɗanda hukumar sa ido ta dage a 2019 sai an sake su, aka yi aikin da mutum-mutumi, lissafin kuɗi ya ƙaru da Yuro biliyan ɗaya da rabi.

Yanzu mu dawo gida. Bukatar wutar Ghana a lokacin da ta fi yawa a 2024 ta kusa megawat 4,000. Idan tasha ɗaya mai megawat 1,000 ta tsaya fiye da shekara saboda tsaga, kashi ɗaya cikin huɗu ke nan ya tafi. Faransa ta sayo daga Jamus da Ingila da Spain. Mu kuwa mu ne ke tura wa Togo da Benin da Burkina Faso, to wa zai cike mana wannan giɓi? Wanda ya ga dumsor ɗin 2012 zuwa 2016 ya san yadda siyasa ke zafi idan wuta ta ɗauke. A ranar da Hukumar Kula da Nukiliya ta ƙasa, wadda dokar 2015 ta kafa, za ta ce a kashe tasha ana saura wata uku zaɓe, ranar ce za a san ko tana da haƙora. A ganina wannan ya fi sunan kamfanin da za a bai wa kwangila muhimmanci.

Ba yau muka fara mafarkin ba. Kwame Nkrumah ya aza harsashin aikin Kwabenya a 1964, juyin mulkin 1966 ya binne shi, abin da muke da shi a can tun tsakiyar shekarun 1990 shi ne 'yar ƙaramar tukunyar bincike mai kilowat 30, irin wadda ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ta horar da masana, amma ba ta horar da masu walda ba. Da alama mahukunta sun farga, domin a watan Mayun 2024 Ghana da Amurka sun sa hannu a Accra kan shirin horar da masu walda da ba su takardar shaida domin ayyukan nukiliya.

A nan ne maganar Magazin ta shigo. Ƙiyasin da aka fi ambata ya ce mutum kusan 200,000 ke aiki a wurin, kuma babu mai musun basirarsu. Su ne suka haɗa motar SMATI Turtle a 2013. Sai dai gaskiya ɗaya ce, waldar da yaro ke koya a hannun masta, da ido da kunne ake auna ta, ba takarda, ba gwaji, ba wanda ya taɓa ɗaukar hoton cikinta. Ba wanda zai bari irin wannan hannu, komai kyansa, ya taɓa bututun tukunya, kuma bai kamata a bari ba. Amma tasha ba bututun tukunya kaɗai ba ce, akwai dubban walda na tankuna da ginshiƙai da bututan ruwa na waje, daga nan ne ake hawa mataki-mataki, hawan kuwa shekaru yake ci. Yaron da ke riƙe wa masta ƙarfe a yau shi ne zai kai shekarun aiki lokacin da ake sa ran tashar, a cikin shekarun 2030.

Saboda haka ya kamata ƙungiyar SMIDO ta masu sana'ar Magazin, da 'yan majalisar Suame da Asawase da Tafo, su nemi amsa a rubuce kan abu biyu. Na farko, gurbi nawa aka ware wa Kumasi a wannan horo, kuma ko za a kawo wani sashensa nan, ganin cewa jami'ar KNUST ta kafa cibiyar koyar da fasaha a cikin Magazin tun 1980. Na biyu, da me za a tantance masu shiga: da gwajin hannu, ko da satifiket ɗin sakandare wanda akasarin yaran Zango da ke riƙe da wayar walda ba su da shi.