Riƙonmu Ba Jahilci Ba Ne, Kuma Ba Na Sayarwa Ba Ne



Iyayena, yayyena, ƙannena da ɗiyana mata na jam'iyyarmu, na Katuru da Shinkafi da Badarawa da Jangeru, na Zurmi da Moriki da Dauran, na Ƙaura da Kuryar Madaro da 'Yankaba, ina gaishe ku da ƙoƙari. Ya muka ji da haƙuri? Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun mutanen daji. Saƙon wanga yana da ɗan tsawo, ku yi mani uzuri. Wadda ta iya karatu ta karanta ma wadda ba ta iya ba.

Wata magana ce ke yawo a Facebook da TikTok, har ta fara leƙowa zaurukanmu. Wai matan Zamfara 'yan mazan jiya ne, masu ra'ayin riƙau. Wai addini da al'ada sun ɗaure mana kai, shi ya sa muke baya. Wai ba mu san 'yancinmu ba sai an taso daga Abuja an zaunar da mu a otal an karanta mana. Abin da ya fi damuna, wasu ƙannenmu da suka yi boko sun fara sunkuyar da kai in an faɗi haka. Tau, ku ɗaga kanku. E, muna riƙo, kuma muna da hujja.

Hujja ta ɗaya: ranar da komai ya tsaya, mi ya riƙe mu?

Ku tuna watan Satumba na 2021. An datse layukan waya a duk faɗin jihar, an rufe kasuwannin mako, an rufe makarantu. Sai mutum ya fita zuwa wata jiha kafin ya ji muryar ɗansa. Wa ya ciyar da ku a kwanakin nan? Maƙwabciya ce ta miƙo kwanon gero ta saman katanga. Mai shago ne ya ba da bashi don ya san uban mijinki. Ku tuna farkon 2023 da aka canza takardun naira, mutum da kuɗinsa a banki amma babu na cefane. Amana ce ta yi aikin da kuɗi suka kasa.

Yau kuma, in 'yan bindiga sun tayar da ƙauye, ina mutane ke dosa? Gidan dangi. Ɗaki ɗaya ya ɗauki mutum goma, a ƙara ma tukunya ruwa, a ci a gode ma Allah. Maraya yana tashi a hannun baffansa ko gwaggonsa. In an ɗauke mutum, masallaci da 'yan uwa ke tashi tsaye. In mace ta haihu babu ko sisi, adashe ke fitar da ita kunya. Zumunci, aure, maƙwabtaka, tsoron Allah: su ne asibitinmu, su ne bankinmu. Wanda ke cewa mu sake su, ya fara nuna mana abin da zai ba mu a madadinsu. Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari.

Hujja ta biyu: wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Sau nawa aka kawo mana “gyara” daga sama ba tare da an tambaye mu ba? Iyayenmu sun sha tsarin tsuke bakin aljihu na 1986. Mu kuma mun ga 29 ga Mayu 2023: magana ɗaya aka yi a kan tallafin mai, kafin mako ya zagayo kuɗin fetur ya kusa ninka uku, kuɗin mota daga Shinkafi zuwa Gusau ya zama abin shawara a gida. Masu yanke hukuncin suna da janareto da masu gadi. Mai tuyar ƙosai ce ke biya.

Ana yi mana gorin 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da Zamfara da Kaduna. Gaskiya ne dakatarwar ta cutar da yara. Amma masu gorin ba su faɗin abin da ya gabace ta. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a Kano, 11 daga cikin yaran da ke cikin gwajin suka rasu, aka kwashe shekaru ana shari'a. Tsoron uwa yana da tushe. Kuma ya aka yi aka warware matsalar? Da zagi? A'a. Sai da Sarkin Musulmi da sarakuna da malamai suka shiga gaba, aka ɗauki matan unguwa waɗanda aka sani suna shiga gida gida. A watan Agusta na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an kawar da ainihin ƙwayar cutar daga Afirka. Kun gani? Ba ma ƙin sabon abu. Muna so ya yi sallama a ƙofar zaure, kada ya hauro ta katanga.

Hujja ta uku: abin da muke riƙo da shi ya ba mace haƙƙi tun da daɗewa.

Sadakinki naki ne, ko ubanki ba ya taɓa shi sai da yardarki. Gadonki yana rubuce a Suratun Nisa'i. Akuyarki, kuɗin ƙuli da manki, gonar da kika gada, miji ba shi da iko a kansu. Ci da sha da tufafi da muhalli a wuyansa suke. A Ingila, sai a 1882 doka ta bar matar aure ta mallaki dukiyarta gaba ɗaya da sunanta. A Faransa, sai a 1944 aka yarda mace ta jefa ƙuri'a. Ba raina kowa nake ba. Ina dai tuna maku cewa ba daga kowa muka fara jin kalmar haƙƙi ba.

Hujja ta huɗu: yunwar adalci.

Ranar 27 ga Oktoba 1999, da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau, mi ya cika garin da jama'a? Talaka ne ya gaji da kotun da mai kuɗi ke saye. Uwa ce ta gaji da ganin giya da caca suna cinye mata ɗa. Mutane sun so dokar da za ta hau kan babba da yaro daidai wa daida. Wannan buri yana nan a zukatanmu har gobe.

Tau, a nan zan juyo gida, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Akwai masu cin kasuwa da riƙonmu, kuma suna cikin kowace jam'iyya, har da tamu. Su ne waɗanda ba ka ganinsu a sahun gaba sai zaɓe ya ƙarato, da dogon carbi da sabon rawani. Sun san muna son addini, sai su ɗauko shi su yi mana tallar kansu da shi, su haɗa da turmin atamfa da taliya da sabulu. A shekarar 2000 an yanke hannun wanda ya saci saniya a jihar nan. Ku faɗa mani, a cikin shekara ashirin da 'yan kai, hannun wa aka taɓa a cikin waɗanda suka cinye kuɗin asibiti da na makaranta? Shari'ar da muka yi ma kabbara ba ta san ɗan wane ba.

Su ne kuma ke ce maki siyasa ba ta mace ba ce, zauna gida. Amma ranar zaɓe da asuba za a turo mota a kwashe ku, ku yi layi cikin rana, da goyo, da ciki, da tsufa. In an zo rabon deliget da kujerun shugabancin mazaɓa, sai a tuna cewa mace 'yar kulle ce. Majalisar dokokin jiharmu kujera 24 gare ta. Ku ƙirga mani mata a ciki, ba za ku gaji da ƙirga ba. Wanga ba addini ba ne, riƙon kujera ne aka sa ma rawani.

Tarihi ma ya raba mana su. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, mata suna halarta, har aka soke shi a kan haka, bai fasa ba. Ya yi kaca-kaca da malaman da ke barin matansu da ɗiyansu cikin jahilci. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jajoji suna kai ilimi ƙauyuka. A ɗaya gefen, manyan NPC sun hana matan Arewa ƙuri'a a Jamhuriya ta Farko, Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kan haka, sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 iyayenmu suka fara jefawa. Duk biyun ana kiransu jiya. Mu jiyan Nana Asma'u muka gada.

Don haka duk wanda ya ce yana kare tarbiyyar ɗiyanmu, mu tambaye shi katangar makarantarsu da masu gadinta. Bayan ɗaliban Jangebe 279 da aka kwashe a watan Fabrairu na 2021, iyaye nawa suka cire ɗiyansu mata daga makarantar kwana? Wa zai ga laifinsu? In kuwa ɗiyanmu ba su yi karatu ba, wa zai karɓi haihuwarmu? Mu da ke son likita mace ta duba mu, ai mu ya kamata mu fi kowa tura ɗiya makaranta.

Ga abin da nake roƙonku kafin 2027:

1. Duk wadda ba ta da katin zaɓe, ko nata ya ɓace a gudun hijira, ta gaya ma shugabar matan mazaɓarta. Yarinyar da ta cika 18 a raka ta ta yi rajista. Ba a fafe gora ranar tafiya.

2. Kada ki ba kowa katinki ya “aje maki”, ko da wa ya aiko shi.

3. In ɗan takara ya zo, ko namu ne, a tarbe shi da mutunci, sannan a yi mashi tambaya huɗu: Yaushe za mu koma gona ba tare da biyan haraji ga 'yan bindiga ba? Ina ungozoma da magani a asibitin mazaɓarmu? Mi ka tanadar ma zawarawa da marayun da rikicin nan ya bari, kuma ta yaya zakka da waƙafi za su iso ƙauye? Mata nawa ne a kwamitinka, ban da masu guɗa?

4. Taron mazaɓa, a nemi izinin maigida, a sa hijabi, a je da wuri, a zauna inda za a ji muryarmu. Wanda ya hana, a tura mashi dattijai su fahimtar da shi cikin lalama.

5. Masu zaginmu a intanet, kada a rama da zagi. A ba su hujja. Kunya adonmu ce, amma ba ta hana faɗin gaskiya.

'Yan uwa, atamfa wata shida take yi ta koɗe, taliya dare ɗaya ce, ƙuri'a kuwa shekara huɗu take bin mutum. Shaida ce, kuma za a tambaye mu a kanta gobe ƙiyama. Na waje ya daina raina mu, na gida ya daina sayen mu.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a Zamfara da Najeriya baki ɗaya. Allah Ya mai da kowa garinsa da gonarsa. Allah Ya ba mu shugabanni masu jin tsoronSa a ɓoye da bayyane. Amin summa amin.

A tura ma sauran zaurukan mata na mazaɓu.

Taku har kullum,
Shugabar Mata